Godiya ga Usta da yaransa na garejin tsofaffin Land Cruiser a Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Usta, maigidan gareji, da manyan kanikawansa, da yaran da ke koyon aiki a hannunsa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyali, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin in gode muku a gaban 'yan'uwa Hausawan Gadarif a nan gabashin Sudan da na garuruwan bakin kogin Rahad da Atbara, musamman waɗanda abincin gidansu ya rataya a wuyan tsohuwar mota irin tawa. Usta, kun hana ni kama sunanku, na kuwa bi umarni, na tsaya a kan laƙabin Usta da ake kiran gwanin sana'a da shi a nan. Amma duk direban da ke shiga gonakin kudu ya san garejin da nake nufi.

Sana'ata jigila. Ina kai ma'aikata da iri da ruwan sha da man tarakta gonakin wajen Doka da Samsam, in kaka ta yi kuma in juyo da buhunan riɗi da dawa zuwa kasuwar amfanin gona. Motata Land Cruiser ce akori-kura, samfurin 75, mai injin 1HZ: silinda shida, lita 4.2, dizal take sha, ba ta da tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ƙarfi. Toyota ta fara fitar da jerin 70 a 1984, wannan injin ya zo a 1990, a 1999 kuma aka maye gurbin 75 da 78 da 79. Ke nan ko autar irin tawa ta haura shekara 25 a duniya. Baƙo zai ce me ake yi da wannan tsohuwa. Sai ya zo tsakanin Yuni da Oktoba ya sauka daga kwaltar da ta nufi Gallabat, ya ga yadda baƙar ƙasarmu da ta tsattsage da rani take komawa taɓo mai danƙo da zarar ruwa ya sauka. A nan ake sanin motar da ke jan ƙafa huɗu da gaske.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyaran da muka saba samu daga Khartum suka yanke, sai abin da ya biyo ta Bur Sudan, da tsada, wani ma jabu. Mai kuwa sau da yawa daga duro da jarka muke zuba shi, ba mu san hannu nawa ya bi ba. A irin wannan lokaci bakaniken da ya iya cewa “sauya wannan, sauya wancan” kaɗai, talauta mutum zai yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan: a garejinku ba a kwance noti sai an san dalilin kwance shi.

Ciwon da ya fara kawo ni wurinku ya daɗe yana cin aljihuna. Da safe mota ba ta tashi sai an sha fama, har batir ya gaji. In ta tashi ta yi ta aiki lafiya, sai an ɗora kaya an kama hanya ta fara sassarfa, ƙarfi ya ragu, wani sa'in ta mutu gaba ɗaya. A wani wuri an sauya min hita fulogi masu ɗumama injin kafin ya tashi, a wani an wanke nozul masu fesa mai, daga ƙarshe aka yanke hukunci cewa babban famfon mai ne ya mutu, sai an cire shi an aika Bur Sudan. Kuɗin da aka ambata ya kusa cinye ribar kakar gaba ɗaya.

Ku kuwa, Usta, ba ku taɓa famfon ba. Tambayoyi kuka fara yi: a ina nake shan mai, in ta kwana hancinta na kallon tudu ta fi wuyar tashi ko kuwa, hayaƙin fari ne ko baƙi. Sannan kuka sa yaro ya cire tiyon da ke tsakanin matacin mai da famfo, ya sa wani farin tiyo da ake ganin cikinsa. Ana tayar da injin sai ga kumfa na bin mai jere da jere. Kuka sa aka ɗauko jarka mai tsabta da dizal, aka jefa tiyo ciki kai tsaye, aka tsallake tanki da mataci. Nan take muryar injin ta daidaita. Bayaninku har yau yana kunnena. Wannan mota ba ta da famfon lantarki a tanki mai turo mai gaba; babban famfon ne da kansa yake zuƙowa tun daga baya. Saboda haka in wani wuri ya tsage a hanya, mai ba ya ɗiga waje balle a ga jiƙa, iska ce take shiga ciki, kamar mai zuƙar ruwa da tsagaggen kara. Shi ya sa duk wanda ya leƙa ƙarƙashinta yana neman yoyo bai ga komai ba. Da dare kuma man ya sulale ya koma tanki, da safe famfo ya tarar da iska.

Ɓarnar tana cikin ɗan famfon hannu da ke saman mataci, wanda ake dannawa in an sauya mataci: robar cikinsa ta tsufa ta tsage. Da kuka sauke tanki kuma aka tarar da laka da tsatsa sun toshe bakin bututun da ke ɗebo mai, shi ne ke shaƙe ta in ta ɗauki kaya. An sauya kan matacin, an wanke tanki, an sa sabon tiyo. Famfon da aka ce ya mutu shi ne a jikinta har gobe.

Ba ku bar ni na tafi haka ba. Kun nuna min ɗan makunnin da ke ƙasan mataci na zubar da ruwan da ya kwanta, kuka ce babban famfon da dizal ɗin da yake turawa yake samun santsi, don haka ruwa a cikin mai guba ne gare shi. Kuka ba da shawarar a ƙara mataci na biyu mai kofin gilashi kafin na asali, inda ido zai ga ruwa da datti tun ba su wuce ba. Wannan ƙari shi ne mafi arha a duk abin da aka taɓa yi wa motar, shi ne kuma na fi yi wa addu'a. Ina roƙon duk mai shan man duro ya je a sa masa.

Zafin injin kuma da ya taso daga baya, kafin rana ta karya kun gama da shi. Da injin ya yi zafi kuka kashe, kuka juya fanka da hannu, ta yi ta wulwulawa ba ta da nauyi. Man silikon da ke cikin kan fankar ya ƙare, tana juyi ne a banza ba ta jan iska. Aka buɗe aka zuba sabo, aka wanke lagireto daga baya zuwa gaba har busasshen taɓo da ƙaiƙayi suka fita, aka mayar da tamostat, mai daidaita zafin ruwan injin, da wani mai motar na da ya cire. Kun gargaɗe ni cewa 1HZ yana jure kusan komai ban da tafasa, domin kan silinda ne ke tsagewa.

Inda na fi ganin ƙwarewarku shi ne aksul na gaba. Yawancinmu sai mun ji ƙas-ƙas a kwana muke tunawa da shi. Kun ga baƙin ruwa-ruwa na tsatsafowa a ƙwallon da ke bayan taya, kuka ce sil ɗin ciki ya saki, man aksul ya gauraya da giris ya wanke shi, in aka bar shi haka gaɓar da ke juya taya za ta ci kanta. An kwance ɓangarorin biyu, an wanke, an sa sabon sil da boris na sama da na ƙasa, an cika giris. Rawar da sitiyari ke yi in na taka rami ita ma ta tafi tare da tsofaffin boris ɗin. Da aka zubar da man aksul sai ya fito fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Nan kuka nuna min ɗan hancin da aksul ke numfashi ta cikinsa. Mota ta yi tafiya ƙarfe ya ɗau zafi, sai ta faɗa rafi, iskar ciki ta yi sanyi ta tsuke, ta jawo ruwa ta wannan hanci ko ta gefen sil. Kuka ɗaura masa dogon tiyo, gaba da baya, kuka kai bakinsa can sama kusa da injin. Aikin bai kai kuɗin buhun dawa ba, amma tun daga ranar man aksul ɗina bai sake yin fari ba, duk da rafukan da nake ratsawa.

Akwai kuma abin da na gani da idona ba a kan motata ba, ina zaune a benci ina jira. Wani saurayi ya zo da tasa irin tawa, yana so a ɗaura mata tobo da manyan tayoyi masu faɗi, da kuɗinsa a hannu. Kun zaunar da shi kuka ce, “Ɗana, kuɗinka halal ne, amma ba zan karɓa in kashe maka injin ba.” Kuka yi masa bayani dalla-dalla: 1HZ ƙarfinsa wajen doki 130 ne, ba mai gudu ba ne, kuma matsin iska a cikin silindarsa ya kai wajen ninki 22. Ɗan'uwansa 1HD-T da kamfani ya fitar da tobo, duk da girmansu ɗaya, matsinsa bai kai 19 ba, fistin ɗinsa daban, yadda yake fesa mai ma daban. In aka cusa wa 1HZ iska aka buɗe masa mai ba tare da agogon da ke auna zafin hayaƙi ba, a ƙasa mai zafi irin tamu, da kaya a baya, fistin ne zai tsage. Kun ce ana yi a wasu ƙasashe, amma da kayan aunawa da kuɗin sake injin in ya lalace, shi kuwa da wannan motar yake ciyar da mahaifiyarsa. Game da taya kuka ce a lakar Gadarif siririyar 7.50-16 ta fi muku, domin tana yanka taɓo ta sami ƙasa, babbar taya kuma tana ƙara wa kuloci da birki da boris wahala, ta rage wa injin ɗan ƙarfin da yake da shi. Yaron ya tafi ransa a ɓace. Ni dai a raina na ce wanda ya mayar da kuɗi a wannan zamani don kada ya cuci mai su, ya cancanci a faɗa wa duniya.

Ba wai kuna ƙin ƙari ba ne. Ni kun sa min doguwar maƙogwaron iska da ke hawa gefen gilashi, kuka ce amfaninta a wurinmu ya fi yawa da rani, domin tana shaƙar iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta gefen taya yawa ba. Kun ƙara min ganye ɗaya a sifirin na baya, kuka ce ɗaya ya isa, domin sifirin in ya daina lanƙwasa shasi ne zai karɓi dukan, kuma ƙarin ganye ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Duk direban da ya fito daga hannunku ya san karatun ƙaramar giya: in an hau kwalta a mayar da ita jan ƙafa biyu, a juya makullan tayoyin gaba zuwa FREE, domin wannan mota ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, in ƙasa ba ta zamewa ƙarfe ne ke murɗewa. Amma lokaci-lokaci, ko da rani, a kulle su a ɗan yi tafiya don mai ya zagaya.

Sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin shigar iska da fitar hayaƙi a injin. Ƙa'idar irin tawa a sauya shi duk kilomita 100,000, akwai ma fitilar T-BELT da ke kamawa. Mun san wuraren da ake kashe fitilar kawai a sallami mutum. Ku kuna sauya shi tare da abin da ke ɗaure shi, ku rubuta wata da shekara da fenti a jikin murfin, saboda rabin motocinmu agogon kilomitarsu ya daɗe da tsayawa. Na ji kuna gaya wa wani mai Nissan Patrol cewa shi injinsa TD42 haƙoran ƙarfe gare shi a wannan wuri, ba bel ba, kada wani ya karɓi kuɗinsa da sunan sauya abin da babu.

Ga yaran gareji, ku ma na gode. Ku ne kuke kwanciya a ƙasa da tsakar rana, ku ne kuke ɗaure min tsofaffin kayan da aka cire a leda ku miƙo min ba tare da na tambaya ba. Ina jin daɗin yadda Usta ke tsayar da ku ya ce ku faɗi abin da kuke zato kafin shi ya yi magana, da Hausa ko da Larabci, wanda ya fi zuwa bakinku. Na ga kuma an ba wasu kanikawa da suka baro Wad Madani wurin ajiye akwatin sifanarsu a inuwarku, suna samun na cefane. Allah ya ga wannan. Ba zan manta da babban yaronku ba, wanda ya hau bayan tarakta ya iske ni a gona lokacin yankan riɗi da kan fanka a hannu don motar maƙwabcina. Manomi ya san riɗi ba ya jira: in ya bushe bai sami hannu ba, kwansonsa ya buɗe ya zube ƙasa, wahalar shekara ta tafi.

Roƙona ɗaya ne, Usta. Ku ƙara ɗaukar yaranmu, har da na ƙauyukan bakin Rahad, ko da biyu-biyu ne a shekara. Motocin nan za su daɗe tare da mu, masu jin ciwonsu da kunne kuwa ba su da yawa.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku da zuriyarku, ya ƙara wa hannuwanku lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Sudan baki ɗaya. Zancen kuloci da kuka ce ya kusa, ina tara kuɗinsa. In Allah ya yarda zan shigo da ita kafin ruwan farko.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Direban jigilar kayan gona, Gadarif