Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Hukumar Kula Da Jami'o'i Ta Ƙasa Kan Digirin Tsaron Intanet

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne a matsayina na wanda ya shafe shekaru yana kula da tsaron kwamfutoci da hanyoyin sadarwa na wani kamfani a Kano, wanda duk shekara ake turo masa ɗalibai domin horon sanin makamar aiki, wani lokacin kuma a zaunar da shi cikin masu tantance masu neman aiki. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne tazarar da nake gani tsakanin takardar digirin tsaron intanet da yaranmu ke riƙe da ita, da abin da hannuwansu ke iya yi idan aka zaunar da su gaban kwamfuta.

Yabon gwani ya zama dole. A watan Disambar 2022 hukumarka ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS, wadda ta ba wa ilimin kwamfuta gashin kansa a matsayin fanni mai zaman kansa, ta sanya tsaron intanet cikin digirorinsa, sannan ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhajar domin ta cike da abin da ya dace da buƙatun yankinta. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin waɗanda suka fara buɗe sashen wannan fanni, yau kuma ana karanta shi a Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da wasu da dama. Iyaye sun karɓi kwas ɗin hannu bibbiyu, domin sun ji an ce shi ne aikin gobe.

To amma ranka ya daɗe, ka ba ni dama in faɗa maka abin da idona ya gani. Wata yarinya ta zo neman aiki a wurinmu da sakamako mai kyau ƙwarai. Na tambaye ta aikin Wireshark, manhajar da ake leƙa zirga-zirgar bayanai da ita a hanyar sadarwa, ta karanto mini bayaninsa tiryan-tiryan kamar mai karanta hadda. Sai na juyo mata da kwamfutata, na buɗe manhajar, na ce ta nuna mini na'urar da ke aika saƙo zuwa inda bai kamata ba. Ta ɗora hannu a kan madannai, ta daɗe tana kallon layukan da ke gudu a allon, daga bisani ta ɗago kai ta ce, "Wallahi yallaɓai, a allo aka zana mana shi, yau ne na fara ganinsa yana aiki." Na binciki lamarin a hankali, sai na gane cewa a shekaru huɗun da ta yi, sau kaɗan ta shiga ɗakin kwamfuta, kuma in an shiga ɗin ma mutum biyar ko shida ne ke zagaye na'ura guda, muddin akwai wuta. Yarinyar tana da kaifin basira, domin mun ɗauke ta horo, cikin wata uku ta kama abin da aka hana ta taɓawa a shekara huɗu. Laifin ba nata ba ne, kuma irinta suna da yawa.

Tsaron intanet sana'ar hannu ce kamar kanikanci, ba a koyonta da kallo. Ɗalibi yana buƙatar keɓantaccen ɗakin gwaji wanda aka raba shi da sauran hanyoyin sadarwar jami'a, inda zai girka Kali Linux, wato babbar manhajar da ke ɗauke da kayan gwada tsaron kwamfuta, ya binciko ƙofofin da aka bari a buɗe da Nmap, ya kutsa cikin wata na'ura da aka tanada da gangan, sannan ya koma ya toshe ramin da ya bi, ya rubuta rahoton da shugaban da bai san kwamfuta ba zai fahimta. Yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne, abin da ake buƙata shi ne na'urori masu ƙarfi, wutar sola mai ɗorewa, da ma'aikacin da zai riƙe ɗakin. Akwai kuma dalilin shari'a: Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, don haka ɗalibin da jami'arsa ba ta tanadar masa wurin gwaji ba, ko dai ya haƙura da koyo, ko kuma ya gwada a kan kayan mutane ya faɗa hannun hukuma.

A nan ne nake ganin wuƙa da nama suna hannunka, domin hukumarka ce ke tantance kwasa-kwasai. Duk wanda ya zauna a harabar jami'a ya san yadda ake shirin tarbar masu tantancewa: a yi fenti, a jera kwamfutoci, wasu ma na aro, baƙi su ƙirga su tafi, bayan mako guda ɗakin ya koma yadda yake. Ina roƙon a sauya ma'aunin. Maimakon ƙirga na'urori, masu tantancewa su zaɓi ɗalibai goma na aji uku ko huɗu da kansu, ba waɗanda sashen ya zaɓo musu ba, su ba su aiki na awa biyu a ɗakin gwaji, su tsaya su gani. Sashen da ɗalibansa suka kasa, a ba shi wa'adin gyara, a kuma taya shi neman tallafin asusun manyan makarantu na TETFund kafin ya ƙara ɗaukar sababbin ɗalibai.

Batun malamai ma yana da alaƙa da wannan. Da yawansu masana ne na gaske a lissafi da kimiyyar kwamfuta, amma ba su taɓa kwana suna fafatawa da masu kutse ba, waɗanda suka taɓa kuwa suna bankuna da kamfanonin sadarwa inda albashi ya fi tsoka, kuma rashin digiri na uku ya hana a gayyato su aji. A ba jami'o'i damar ɗaukar irin waɗannan ƙwararru su koyar na wucin gadi bisa shaidar aikinsu. Kashi 30 ɗin nan da aka bari ya isa a yi wannan da shi.

Horon sanin makamar aiki na ɗalibai, wato SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara tun shekarun 1970, shi ne gadar da ya kamata ta kai ɗalibi ga aiki, amma na ga ɗalibin tsaron intanet da ya ƙare watanninsa shida a shagon buga takardu yana cike wa mutane fom, saboda ba shi da wanda zai tsaya masa a babban kamfani. Ƙasar nan tana da cibiyar ngCERT mai kai ɗauki idan an yi kutse, a ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, tana da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, tana da Hukumar Kare Bayanan Jama'a da dokar 2023 ta kafa, ga bankuna da kamfanonin sadarwa. Hukumarka tana da girman da za ta zauna da su a ware gurabe, a raba su bisa cancanta, har ɗan talakan da ke karatu a Gusau ko Gashuwa ya samu rabo. Haka nan shaidun ƙwarewa da masu ɗaukar aiki ke tambaya da dala ake biyansu: jarrabawar Security+ ta kai dala 400, ta OSCP kuwa ta haura dala 1,000, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 sun fi ƙarfin yawancin iyaye. Idan hukuma ta yi ciniki da masu waɗannan jarrabawa a madadin dukkan jami'o'i, za a samu ragin da ɗalibi shi kaɗai ba zai taɓa samu ba.

Ranka ya daɗe, buƙatar ta riga ta iso ƙofar gida. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 ya wajabta wa cibiyoyi kai rahoton kutse cikin awa 72, kuma sai da ƙwararru ake gano kutsen tun farko. A kasuwanninmu kuwa, kullum sai ka ji an kira ɗan kasuwa ko mai POS da Hausa tsantsa, an ce daga banki ne, an karɓi lambar BVN da lambar sirrin da aka turo masa, kafin ya farga an kwashe jarinsa. Akwai wani ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani gini a Legas bisa zargin damfara ta intanet, ciki har da 'yan ƙasashen waje da aka ce su ne ke ɗaukar matasanmu masu ilimin kwamfuta suna horar da su. Ke nan masu damfara suna da wurin horo da na'urori da albashi, alhali jami'o'inmu suna yaye ɗalibai da bayanin da aka zana a allo.

Saboda haka nake roƙonka da ka tura wakilanka, ba tare da sanarwa ba, zuwa sassan tsaron intanet guda biyar da aka tantance a baya-bayan nan, su shiga ɗakin gwaji a tsakiyar zangon karatu, su kunna na'urorin, su zauna da ɗalibai. Abin da suka gani shi ya kamata ya zama tushen ƙa'idojin tantancewa na gaba, kuma mu da ke cikin sana'ar a shirye muke mu raka su kyauta.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin tsaron intanet daga Kano