Kudirin Lafiya na New York: A Tambayi Adadin Harajin Tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafinku saboda 'yan uwanmu mazauna Bronx da Harlem, da ake ta yi wa albishir wai asibiti zai koma kyauta a jihar New York. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma da sauran rina a kaba.

Sunan kudirin New York Health Act. Richard Gottfried, ɗan majalisar wakilan jihar a lokacin, shi ne ya fara gabatar da shi a 1992. Majalisar wakilan jihar ta amince da shi sau huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018, amma bai taɓa tsallake majalisar dattawa ba, har bayan da 'yan Demokrat suka karɓe ta a 2019.

Abin da ya tanada shi ne asusu guda na jiha ya riƙa biyan likita da asibiti da magani, har haƙori da ido da jinyar tsofaffi. Babu kuɗin inshora na wata-wata, babu cikon da majinyaci zai ciro daga aljihu a gaban kanta. Duk mazaunin jihar ya shiga, ko yana da takardun zama ko ba shi da su, kuma wannan ne ya fi shafar mutanenmu.

Kuɗin daga haraji biyu zai fito: na albashi, da na ribar hannun jari da kuɗin ruwa. A na albashi, mai ɗaukar aiki zai biya aƙalla kashi 80 cikin 100, ma'aikaci ya biya sauran. Amma mai zaman kansa, kamar direban tasi ko mai shagon kitso a titi na 125, shi ne ubangidan kansa, duka nauyin a wuyansa yake. Kuma kudirin bai rubuta adadin harajin ba, ya bar shi sai gwamna ya kawo daga baya. Cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta a 2018 cewa za a buƙaci ƙarin harajin dala biliyan 139 a shekarar farko, ko da yake jimillar abin da ake kashewa kan lafiya zai ɗan ragu.

A nan jihar Vermont ta yi tuntuɓe. Ta kafa irin wannan doka a 2011 ba tare da tsayar da hanyar biya ba. Da aka buga lissafi, sai ga harajin kashi 11.5 a kan albashin da kamfanoni ke biya, da har kashi 9.5 a kan kuɗin shigar jama'a. A Disambar 2014 Gwamna Peter Shumlin, wanda da wannan alkawarin ya ci zaɓe, ya janye da kansa. Kalifoniya ma ta ajiye nata kudirin a 2017 bayan an ƙiyasta dala biliyan 400 a shekara.

Akwai kuma ƙofofin da makullinsu ke Washington. Kuɗin Medicare (inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi) da rabon tarayya na Medicaid (inshorar masu ƙaramin ƙarfi) ba sa shiga asusun jiha sai da izinin gwamnatin tarayya, gwamnati kuwa tana canjawa. Dokar ERISA ta 1974 ta hana jiha taɓa shirin lafiyar manyan kamfanoni masu biya wa ma'aikatansu da kansu, don haka shari'a ba makawa. Ƙungiyoyin ma'aikatan birnin New York ma sun ja tunga: sun sha haƙura da ƙarin albashi domin inshora mai kyau, ba sa son a ce su sake biya.

Mu muna goyon bayan kudirin. Sai dai duk wanda ya je taron Sanata Gustavo Rivera, mai ɗauke da shi a majalisar dattawa, ya tambaye shi nawa direban tasi mai samun dala 50,000 a shekara zai biya, kuma ya nemi amsar a rubuce.

Wassalam,
Wasu masu bibiyar harkar inshorar lafiya