A riƙa tambayar lafiyar mai jinya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ƙanena yana fama da taɓin hankali, amma halin da Innarmu take ciki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya shigo gidanmu, gaisuwarsa ɗaya ce: "Inna, ya mai jiki?" Ta amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ba mai tambayarta ko ta runtsa jiya. Idan ciwon ya motsa, a bakin ƙofar ɗakinsa take shimfiɗa tabarma don kada ya fice, a yankin da ko mai lafiya ba ya yawon dare. Wuƙa da ashana a ƙarƙashin gadonta suke kwana. Biki da suna ta daina zuwa, ƙuli-ƙulin da take soyawa tana rufa wa kanta asiri ma ta ajiye. Yanzu hawan jini ya kama ta, kuma ranar da kuɗin bai isa maganin mutum biyu ba, nata take bari.

Mun yi ruƙiyya, mun ba shi rubutu ya sha, har wasu suka ce a kai shi gidan mari. Inna ta ce sai dai bayan ranta. A asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, Jihar Sakkwato, Allah ya kawo sauƙi. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya zame mana dutse, ga shi dole mutum biyu su raka shi, ga fargabar hanya.

A Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. To, muna roƙon gwamnatin Zamfara ta sauko da ita ƙasa: a ajiye magani da allurar wata-wata a asibitocin ƙananan hukumomi, a riƙa auna jinin mai jinya ranar da ta kawo marar lafiya.

Limamanmu kuma su faɗa a huɗuba cewa karɓar mai jinya na yini ɗaya zumunci ne babba. Mun gani da idonmu. Wani maƙwabcinmu, Allah ya saka masa, yakan zauna da ƙanena a zaure duk Juma'a daga saukowa masallaci zuwa magariba. A mako gaba ɗaya, lokacin ne kaɗai Inna take barci har da minshari.

Wassalam,
Wata mai karatu,
Talata Mafara, Jihar Zamfara