Gobarar San Luis Obispo ta 1926 da abin da ta bari a ƙasa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu ga wata gobara da take cika shekara 100 a watan Afrilun 2026, domin a ganina jaridunmu suna ba da labarin gobarar mai ne ranar da wuta take ci kawai, da zarar hayaƙi ya lafa kuma sai a rufe babin.

A farkon ƙarni na 20, masu ƙananan rijiyoyin mai a kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya a Amurka sun gaji da dogaro da jirgin ƙasa da kuma manyan kamfanonin da suke yanka musu farashi yadda suka ga dama. Sai suka haɗa kai da kamfanin Union Oil, aka shimfiɗa bututu mai tsawon sama da mil 200 tsakanin 1909 da 1910, wanda ya ƙetare tsaunuka ya sauka gaɓar tekun Pasifik a Avila. Ɗanyen man yankin yana da kauri ƙwarai, don haka aka kafa tashoshi a kan hanya masu ɗumama shi da tura shi gaba da ƙarfin tururi. Kafin ya kai ga jiragen ruwa, ana tara shi a wata babbar ma'ajiya a kudancin garin San Luis Obispo.

Yadda aka gina ma'ajiyar shi ne tushen masifar. Ban da tankunan ƙarfe, akwai manyan ramuka da aka haƙa, aka shafe su da siminti, aka rufe su da rufin katako, kowanne yana ɗaukar ɗaruruwan dubban ganguna. Tsakanin saman man da rufin kuwa, iskar gas mai saurin kamawa ce take taruwa. Da safiyar 7 ga Afrilu 1926, ana cikin hadari, aradu ta faɗa a kan ramukan, kuma ƙarar fashewar ta farfasa gilasan tagogi a cikin gari. Daga nan sai wuta ta riƙa tsallakawa daga wannan rami zuwa wancan. Abin da ya fi ƙarfin masu kashe gobara shi ne ruwan da yake kwance a ƙarƙashin man, wanda idan zafi ya kai gare shi sai ya tafasa, ya watso mai yana ci da wuta ya haura katangar ƙasa. Haka man ya malala cikin rafin San Luis Obispo ya nufi teku. Tsananin zafin ya haifar da guguwowi masu yawa, ɗaya daga cikinsu ta ɗaga wani gida ta yi jifa da shi, wani magidanci da ɗansa suka rasu. An kwana biyar wutar tana ci, aka yi asarar kimanin ganga miliyan 6. Washegarin ranar da ta tashi, aradu ta sake kunna wata ma'ajiyar kamfanin a Brea da ke kudancin jihar, abin da yake nuna cewa ba ƙaddarar wuri ɗaya ba ce, irin ginin ne yake da illa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Man da bai ƙone ba ya daskare a kan fili kamar kwalta, wani kuma ya nutse cikin ƙasa, har sai da kamfanin Chevron, wanda ya sayi Unocal (wato tsohon Union Oil) a 2005, ya gaji aikin tsabtace filin. A Avila ma, tsofaffin bututun da suka bi ta ƙarƙashin titunan gari sun yi shekaru suna yoyo ba a sani ba, har a ƙarshen shekarun 1990 aka rushe wani sashe na tsakiyar garin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka sake gini. Waɗanda suka ɗauki wannan wahala yawancinsu ba a ma haife su ba lokacin da aka binne bututun.

Mu ma muna da tamu, domin babu wanda ya manta gobarar bututu ta Jesse a jihar Delta a watan Oktoban 1998, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka. Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne jaridarka ta riƙa tura wakilanta irin waɗannan wurare bayan shekaru sun shuɗe, su duba rijiyoyin ruwa da gonaki, su tambayi wanda ya ɗauki nauyin gyara da inda aikin ya tsaya.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya