Hangama Amiri da Matan Kabul a Jikin Yadi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in jawo hankalin masu karatu ga aikin Hangama Amiri, 'yar Afganistan wadda iyayenta suka gudu da ita daga Kabul a 1996, shekarar da Taliban suka karɓe birnin, ba ta samu matsuguni a Kanada ba sai 2005. Da allura da zare take zanenta, tana harhaɗa ƙyallayen yadi har su zama hoton mata a cikin gida, da rumfunan kasuwa, da shagunan kwalliya. Waɗannan shagunan ne suka fi sosa mini rai, domin a 2023 Taliban sun rufe su, dubban mata suka rasa abin ciyar da iyalansu. Ina fata jaridarku za ta buga hotunan aikinta.

Naka,
Mai karatu daga Kano