Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Kansila a Kwamiti

Masu girma kansiloli, 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

A madadin shugabannin ƙungiyarmu ta kansiloli, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Kusan duk ƙarfinmu kan aikin kwamiti ya tafi, kuma da gangan muka yi haka. Kafin magana ta iso zauren majalisa an riga an dafa ta a kwamiti, sau da yawa zauren amincewa kawai yake yi da rahoton da aka kawo masa. Kansilan da ya yi gum a kwamitin kuɗi, sannan ya zo zaure yana ɗaga murya, ya makara. Tun ran gini ake zane.

Bitar da ta fi jan mutane ita ce ta karanta kasafin kuɗi. Mun zauna da mambobi muka rarrabe kuɗin gudanarwa, irin su albashi, da kuɗin manyan ayyuka. Muka nuna yadda ake jera lissafi uku a gwada su: abin da aka ware, abin da aka saki, da abin da aka kashe. A tsakanin waɗannan ukun ne rijiya ko ajin makarantar da aka yi wa mazaɓa alkawari kan ɓace, kuma kansila ake tarewa a hanya a tambaya, ba ma'aji ba.

Mun kuma yi bitar ƙa'idojin zama: gabatar da ƙudiri, samun mai mara masa baya, da jefa ƙuri'a kan gyara kafin a koma kan ainihin ƙudirin.

Batun da ya fi zafi shi ne na kansilan da ke da hannu a maganar da ake tattaunawa, misali ɗan'uwansa na neman kwangilar. Matsayin ƙungiya bai canza ba: ya faɗa tun farkon zama, akawu ya rubuta, shi kuma ya fita har a gama. Wasu sun ce hakan tamkar zargin kai ne. Ni dai a ganina kariya ce, domin rubutun nan shi zai wanke mutum ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Akwai inda muka gaza. Har yanzu takardun zama kan iso wa wasunmu da safiyar ranar, alhali ba a yanke shawarar kirki kan rahoton da ba a karanta ba. Mun rubuta wa akawunan majalisu kan haka, kuma za mu ci gaba da bibiya. Sai dai wani laifin namu ne: an ɗage zaman kwamitoci saboda ba a cika adadin da doka ta gindaya ba, wasu ma sukan sa hannu a rajista su fice.

A shekara mai zuwa muna roƙon kowane mamba ya riƙa karanta bayanan zaman baya kafin a amince da su, ya kuma koma mazaɓarsa ya faɗa wa jama'a yadda ya jefa ƙuri'a da dalilinsa. Ma'ajin ƙungiya zai gabatar da rahoton kuɗi daban a babban taro.

Sakataren ƙungiya