A tanadi tsarin gane gawa tun kafin musiba ta afko

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili.

Tun bayan fashewar tankar man nan ta Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, wadda ta ci sama da mutum 150, abin nan yake damuna. Mutane sun ƙone ƙurmus, wasu ko uwar da ta haife su ba za ta gane su ba, aka haɗa aka binne a kabari ɗaya. Ban ga laifin kowa ba wallahi, gaggauta jana'iza addini ne, ga zafi, ga mutuware ba ta ɗaukar ko kwatan wannan adadi.

Amma fa maƙwabciyarmu har yau ba ta san ko mijinta na cikin ramin nan ba, takalminsa ɗaya kawai aka tsinto. Ta yi takaba ne ko ta jira? A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata shekara 4 take jira, ga gado ya tsaya cak.

Abin da likitocin binciken gawa ke yi ba wani tsafi bane, kowace gawa a ɗaura mata lamba, a ɗau hoto, a aje zobe ko agogo a leda mai lambar, in ta ƙone a ciri haƙori ko ɗan ƙashi saboda gwajin DNA, sannan a jera su a rubuta wa ke kwance ina. Ko bayan shekara ne dangi sun zo a duba.

Ya kamata hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da gwamnonin jihohi su zauna da likitoci da limamai tun yanzu, a sayi jakunkunan gawa da kwantena mai sanyi a aje, a san wa zai riƙe rajistar waɗanda suka ɓata.

Naku,
Wani mai karatu daga Ringim